Uwar Gola Ta Busa Usur

Ranar da aka ce autanta ne zai tsare raga, mai shagon yadin nan ta bakin kasuwa da waƙa ta tashi daga barci. Yaron ya daɗe yana ɗumama benci a ƙungiyar garin, har maƙwabta suna tambayarta ko wandonsa bai huje ba. Yanzu ga shi babban gola ya yi targaɗe. Ta yi masa addu'ar samun lafiya da zuciya ɗaya, amma ta ƙara da cewa ba sai an yi gaggawa ba.

Ta baje kaya a kan gado: leshi ruwan zuma, sarƙa, awarwaro, takalmi mai tsini da jakarsa. Mace ce da ko shara za ta fita zubarwa sai ɗankwali ya dace da takalmi. Tana cikin gwada sarƙar a madubi babbar 'yarta, wadda take aikin jinya, ta biyo ta gidan a kan hanyarta ta zuwa asibiti.

"Mama, ina zuwa haka?"

"Filin ƙwallo mana. Ƙaninki zai tsare gida, in je masa kamar wadda aka koro?"

"Kin san abin da ke kewaye da filin nan kuwa? Mabarata, 'yan sane, masu kwana a ƙarƙashin bene. Kwanan nan aka kawo mana wata da aka fizge wa ɗan kunne, aka haɗa da rabin kunnen."

Uwar ta dafe kunnuwanta biyu. Kunnuwa ne kuwa na dafewa, manya fatan-fatan, shi ya sa kullum ɗaurinta yake saukowa ya rufe su.

Daga nan 'yar ta karɓe ragama. Sarƙa ta koma akwati, awarwaro ya bi ta. Aka tono wani zani da ya koɗe wanda take ɗaurawa ranar wanki, da riga mai tabon bilic a kafaɗa, da mayafin da ya ga jiya ya ga yau, da silifan roba na ƙofar banɗaki. Da uwar ta miƙa hannu za ta ɗauki babbar wayarta, 'yar ta rigaye ta.

"Wannan ita za a fara fizgewa." Ta cusa ta ƙarƙashin matashi, ta miƙa mata wata tsohuwar ƙaramar waya da aka ɗaure da roba. "Kuɗin mota ki ƙulle a haɓar zani. Kada ki haɗa ido da kowa, kada ki tsaya, kada ki amsa wa kowa."

Uwar ta dubi madubi ta ja da baya. "Ke 'yar nan, yanzu ko ɓarawo ya gan ni ai sai ya ba ni sadaka."

"Haka nake so," in ji 'yar, ta ɗauki jakarta ta fice.

Tun daga inda bas ta sauke ta take jin ganguna da ƙaho. Mutane kamar an fasa gidan tururuwa, da tutoci, da fuskoki shafe da fenti, masu gyaɗa da masu ruwan sanyi suna kutsawa a tsakani. Hannunta sai neman jaka yake a kafaɗa ba ya samu. A jikin dogon bangon filin ta hango su a jere, masu sanda da masu keken guragu da mata da goyo. Ta tsallaka ɗaya gefen titin, ta kau da kai kamar yadda aka umarce ta, ta nufi ƙofar iyalan 'yan wasa tana tafiyar nan tata ta ƙasaita, ta manta da abin da ke jikinta.

Wani dogon mai gadi ya tare hanya da hannu. "Tikiti."

"Ni ce uwar gola."

"Tikiti, Iya."

"Yana cikin waya, shi da kansa ya turo min." Ta zaro 'yar wayar mai ɗaurin roba. Ta dube ta, wayar ma kamar ta dube ta. A nan ta tuna cewa tikitin yana can kwance lafiya lau a ƙarƙashin matashi.

Mai gadin bai ko yi fushi ba. "Iya, ɗazu wani ya ce shi kawun alƙalin wasa ne, wata ta ce ita ta yaye kyaftin. Ki koma can jikin bango wajen 'yan uwanki. In Allah ya sa muka ci, mutane suna sakin hannu."

"'Yan uwana? Ka san ko ni wace ce? Je ka kasuwa ka tambayi..."

"Na gaba!"

Ta koma gefe. Ta kira Auta, waya a kashe. Ta kira 'yarta mai aikin jinya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta juya da ƙarfi za ta koma ta wanke mai gadin tas, sai silifa ta ce ɗas, ta tsinke. Da ƙafa ɗaya a ƙasa ta ɗingisa zuwa inuwar da ta fi kusa, inuwar kuwa ta jikin bangon ce. Ta samu wani bulo ta zauna, ta ajiye tsinkakkiyar silifar a gabanta, ta ja mayafi ta rufe fuska kada wani mai sayen yadinta ya gane ta.

Ƙwal! Wani abu ya faɗa cikin silifar. Ta leƙa ta ƙasan mayafi: sulalla ce. Kafin ta ɗaga kai ta ga mai wannan rashin kunya, wata sulallar ta bi bayanta. Sai ga wasu ƙafafu sun tsaya, da wata murya da ta sani sarai, ta telan da yake ɗinka mata kaya.

"Baiwar Allah, ga wannan, ki roƙa mana nasara. Sabon gola aka sa mana yau, gabanmu faɗuwa yake."

Ta buɗe baki za ta ce masa gabansa ya daɗe bai faɗi ba, sai ta ji bakin nata ya ce, cikin siririyar murya, "Allah ya ba da sa'a, ɗan nan." Telan ya ce amin ya wuce. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Masu wucewa suka ɗauka kuka take, sulalla ta ƙara zuba.

Firrrr! Ƙarar usur ta tsaga mata kunne.

"Satar gida! Wallahi satar gida!"

A kanta wata mace ce siririya, baƙa, da sanda a hammata, ƙafa ɗaya a shanye, usur rataye a wuya da igiyar takalmi. Mabaratan da ke jere suka juyo suna dariya, wani ya ce, "Ba ta jan kati, Rafali!"

"Wa ya ba ki wurin nan?" in ji wadda aka kira Rafali. "Bulona ne. Daga zagayawa banɗaki sai in tarar an yi min juyin mulki?"

"Ki yi haƙuri, ni ba bara nake yi ba. Hutawa na zauna yi."

"Haka kowa ke cewa ranar farko. Ni ma cewa na yi hutawa nake."

"Allah da gaske nake. Ɗana ne zai tsare raga yau, tikitina na baro a gida."

Rafali ta karkata kai. "Ɗan ɗaga mayafin nan in gani."

Ta ɗaga. Ɗankwalin ya riga ya zame baya, kunnuwa sun fito sarari suna shan iska. Rafali ta ƙura musu ido, sai ta buga sanda a ƙasa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Uwar Kunnuwa ce! Ko a duhu aka ajiye min waɗannan na san inda aka samo nasa!"

"Wane ne Kunnuwa?"

"Ɗanki mana. Shi kaɗai ne a cikinsu yake tsayawa ya gaishe mu in an tashi atisaye. Sauran sai dai mu ga ƙurar motarsu." Ta miƙo hannu. "Tashi, Uwar Gola. Ba za a ce ɗanki ya tsare gida ke kina tsaron silifa ba."

Uwar Gola ta juye abin da ke cikin silifar a tafin Rafali. "Na bulonki ne."

"Da ma ai haya ce," in ji Rafali, ta soke shi a lalita.

Suka zagaya bayan filin, Rafali a gaba tana cilla sanda da saurin da mai ƙafa biyu take haki kafin ta kamo ta. Bayan wani ƙaton kwandon shara akwai ƙaramar ƙofar ƙarfe. Uwar Gola ta tsaya turus, labarin rabin kunne ya faɗo mata, hannuwanta suka tafi kai da kansu.

"Saki kunnenki," in ji Rafali. "Ko mun cire ba mu da wurin ajiye su."

Ciki wani dogon lungu ne a ƙarƙashin benen 'yan kallo. Rufin a karkace yake, matakala ce ake gani ta bayanta, in mutanen sama suka buga ƙafa sai ƙura ta zubo. Ga kwalaye a shimfiɗe, ga tabarmi a naɗe, ga igiyar shanya da 'yan riguna, ga murhun gawayi da tukunya an kife ta tsaf. An rataya tsohon tamfol ya raba wurin biyu. Wani tsoho mai farin gemu, da ake kira Direba domin ya taɓa jan babbar mota, yana zaune da rediyo manne a kunne. Wata matashiya tana jijjiga jaririnta a baya. Wurin ya fi ɗakin ajiyar shagonta tsabta, abin da bai yi mata daɗin ganewa ba.

"Nan kuke kwana?"

"Maza can, mata nan." Rafali ta nuna tamfol ɗin, ta taɓa usur ɗinta. "Ƙofar ba ta da sakata. In wani ɗan iska ya sha ya bugu ya leƙo ɓangarenmu, wannan nake busawa, kowa ya tashi da abin da hannunsa ya samu. Direba da ƙarfen taya, mai goyo da murfin tukunya. Ni da kike gani wanki da guga nake yi da, da ɗakina da labulena. Mota ta taka min ƙafa, ina asibiti aka rushe layinmu za a yi titi. Na fito ban tarar da ko ƙusa ba." Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin ruwan jiya, ta ja hannun baƙuwar. "Zo ki ga talabijin ɗinmu. Tasha ɗaya gare shi."

A ƙarshen lungun, inda rufin ya sauko har sai an durƙusa, akwai bulo mai huji-huji na shan iska, ɗaya ya fashe ya bar ramin da kai biyu za su shiga in an matsu. Uwar Gola ta durƙusa ta leƙa. Ta tsakanin allunan talla biyu, ga raga nan dab da hancinta, ga turaku, ga ɗan yankin ciyawa. Ban da wannan ba a ganin komai. A tsakiyar ragar wani ƙato ne yake tsalle-tsalle.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Na baƙi ne. Naki yana can ƙarshen duniya, sai an juya."

Aka take wasa. Abin da ido bai gani ba Direba yana cikawa daga rediyo, yana ƙara gishiri. Can sai ihu ya taso daga nesa yana matsowa kamar ruwan sama, ƙafafu suka cika ramin, wani abu fari ya wuce fuu, raga ta kumbura har ta kusa taɓa fuskarta. Benen ya ɗauki rawa. Ƙura ta zubo musu a ka. Direba ya ɗaga rediyo sama yana juyi, mai goyo tana kaɗa murfin tukunya, jariri ya farka ya sa nasa ihun, Rafali ta kafa sanda tana zagaye ta kamar fanka.

Uwar Gola kuwa tana nan durƙushe, tana kallon ƙaton ya sunkuya yana ciro ƙwallo daga raga. "Wayyo, ɗan mutane. Shi ma fa wata ce ta haife shi."

"Ke, namu ne suka ci!" in ji Rafali.

"Namu? To ai sai ki faɗa!" Ta miƙe, kanta ya bugi siminti, ba ta ko sosa ba ta faɗa cikin rawar da silifa ɗaya, ita da mutanen da ɗazu ta tsallaka titi don kada inuwarsu ta taɓa ta.

Bayan hutun rabin lokaci aka juya. Ta ga wani siriri cikin koriyar riga ya taho yana gyara safar hannu, ya taɓa turke, ya juya mata baya. Rana ta haske kunnuwansa ta baya sun yi ja. Hawaye suka cika mata ido.

"Auta!"

Ya waiga, ya ɗaga kai yana duban 'yan kallo.

"Nan ƙasa! Ka ci abinci kuwa?"

Yaron ya dubi sama, ya dubi allon talla, ya ɗan ranƙwafa. A cikin bango ya ga ido biyu da ya sani tun yana cikin zani.

"Mama? Me kike yi a cikin rami?"

"Duba gabanka, ga su nan!"

Suna ta zuwa kuwa. Baƙin sun dawo da zafi. Auta ya cafke ɗaya, ya doke wata, duk wadda ya kama sai Uwar Gola ta rungume Rafali har sandar ta faɗi. Kawunansu biyu a matse cikin ramin, kunci da kunci, ɗaya tana addu'a ɗaya tana zagin 'yan bayan da suka bar yaro shi kaɗai.

Sai Direba ya ce, "Innalillahi, ya tsere musu!" Ta ramin suka ga wani ɗan wasan baƙi, gajere mai cinyoyi kamar turmi, ya taho da ƙwallo shi kaɗai, ba kowa tsakaninsa da ɗanta. Uwar Gola ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Hannunta ya cafki abin da ke lilo kusa da haɓarta, igiyar ta jawo wuyan Rafali, ta cika kunci ta busa da duk ƙarfin da ta haifi yaron da shi.

Firrrrrr!

Gajeren ya ja birki, ya kama ƙugu yana hararar mai tuta. Mai tuta ya dubi tutarsa da ke ƙasa. Alƙalin wasa, da ya shigo cikin ramin kallonsu da gudu, ya zaro nasa usur ɗin yana jujjuya shi kamar yana tambayarsa ko shi ya yi. Filin ya yi tsit, sannan ya fashe. Baƙi suka yanyame alƙali. Da ƙura ta lafa, ya saki ƙwallo a gaban Auta aka ci gaba.

Direba ya yi dariya har rediyo ya kuɓuce masa. Mai goyo ta zauna daɓas tana share hawaye. Rafali ce kawai ba ta dara ba. Ta zare igiyar daga wuyanta a hankali.

"Kin kashe mu, baiwar Allah. Ke gida za ki koma. Mu yanzu za su zo su watsa mana kaya a titi."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Uwar Gola ta dubi kwalayen, da igiyar shanya, da jaririn da ya koma barci. Ta karɓe usur ɗin daga hannun Rafali, ta rataya a wuyanta, ta ɗingisa ta fita ta ja ƙofar. A bakin kwandon shara ta yi kiciɓis da masu gadi, gabansu wani dattijo mai tumbi da suke kira Kofur.

"Ni ce na busa," ta ce. "Ni kaɗai ce a ciki. Mahaukaciya ce ni."

Kofur ya dube ta sama da ƙasa. Ya san masu kwana a lungun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kau da kai. "Iya, mahaukaci ai ba ya faɗa da bakinsa."

"To ni sabuwar shiga ce."

Ya ciji leɓe, ya ce a wuce da ita ofis.

Ofishin ɗan ɗaki ne mai tebur da fanka da rediyo a kan taga. Aka zaunar da ita a benci. Ba a jima ba mai sharhi ya ƙwala ihu a rediyon: an ba baƙi bugun daga kai sai mai tsaron gida, ga lokaci ya kusa cika. Kofur ya cire hula. Uwar Gola ta kama hannun dogon mai gadin nan da ya kore ta a ƙofa, ta matse har ya yi ƙara. Mai sharhi ya yi shiru. Ginin gaba ɗaya ya yi shiru.

"Ya kaɗe ta! Ya kaɗe ta! Sabon gola ya kaɗe ta!"

Ba ta gani ba, kuma har abada ba za ta gani ba, amma ta ji ta a tafin ƙafarta, don ƙasa girgiza ta yi. Ta yi wurgi da silifar da ta rage, ta haye benci, ta sauko, ta kama Kofur ta juya shi, tumbi da komai, ta busa usur a kunnen dogon. A haka jami'in da ke kula da wasan ya same ta bayan an tashi, mutum mai kwat da tabarau, ya turo Auta a gaba, domin dubban mutane sun ga yaron yana hira da bango.

"Ita ce?" in ji jami'in.

"Ita ce, yallaɓai," in ji Kofur yana haki. "Kamar dai ba ta da lafiya."

"Na ga alama." Ya juya ga Auta. "Kai, ka san matar nan?"

Uwar ta ƙifta wa ɗanta ido, ta girgiza kai. Auta ya kau da kai. "Ban... ban taɓa ganinta ba, yallaɓai."

Jami'in ya dubi kunnuwan yaron. Ya dubi na matar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. "Ba ka taɓa ganinta ba."

"Ko a hanya."

Da ta yi shiru da wataƙila an wuce wurin. Amma idonta ya sauka a gwiwar hannun yaron, inda fata ta saluɓe jini yana tsattsafowa. "Kai! Wa ya ji maka wannan? Kawo in gani. Ba na hana ka faɗuwa a kan hannu ba?" Kafin kowa ya motsa ta kama hannun tana hura masa iska.

Jami'in ya zaro hankici ya rufe baki, ya yi wani tari mai tsawo da ya sa kafaɗunsa rawa. Da ya samu kansa ya ce ƙungiya za ta sha tara, kuma gobe-goben nan a toshe ramin da siminti.

"Abin da ke bayan ramin fa, yallaɓai?" in ji Kofur a hankali.

"Na tambaye ka? Rami na gani, rami na ce a toshe." Ya kai bakin ƙofa ya waigo. "Iya, in za ki sake zuwa, ki bar mana aikinmu."

Da suka fito Auta ya ce, "Mama, ko ba ki busa ba da na kama ta fa."

"Na sani, ɗan albarka. Bakina ne bai sani ba."

Ta tarar da Rafali zaune a kan bulonta ta juya baya. Ta miƙa mata usur, ta gaya mata ba mai korar kowa, ramin ne dai za a toshe.

"Kin kashe mana talabijin ke nan."

"Na yi laifi, Yaya. Faɗi abin da zan yi."

Rafali ta daɗe tana murza igiyar a yatsa. Uwar Gola ta zaci ɗaki za ta ce, har ta fara tunanin na bayan shagonta, ta kuwa faɗa. Rafali ta girgiza kai. "In na tafi wa zai tashi matan nan? Sakata nake so a ƙofar can, mai ƙarfi, ta ciki. Da fitila. Maganar ɗaki ki bari sai damina, in ga ko kina nan a kan bakanki."

Washegari mai walda ya zo da sakata, magini ya zo da siminti, kusan tare suka gama. 'Yarta mai aikin jinya da ta ji labari sai da ta nemi kujera ta zauna, ta ce ita ba ta sake ba kowa shawara a gidan nan.

Wasan gida na gaba Uwar Gola ta iso cikin leshi ruwan zuma, sarƙa tana walƙiya, babbar waya a hannu kowa yana gani. Auta ya karɓo tikitin iyali har na mutum biyu. Ta tsaya a jikin bango ta gaisa da kowa, ta ɗago Rafali, wadda ta sha sabon yadi amma ta ƙi rabuwa da tsohon mayafinta. Direba da mai goyo aka ce su jira nasu makon. A ƙofa dogon mai gadi ya ƙame.

"Wannan fa, ranki ya daɗe?"

"Yayata ce."

Matakalar ta ba Rafali wuya. Tana hawa tana mita, wai wanda ya gina wurin bai san da masu sanda ba, wai ta ƙasa ta fi sanin matakalar nan, wai ita da an bar ta da rediyon Direba. Uwar Gola tana riƙe da ƙugunta, takalmi mai tsini yana neman kayar da su duka biyu. Suka kai sama, suka fito ta bakin ƙofar, filin ya buɗe a gabansu gaba ɗaya.

Rafali ta tsaya cak. Ta dubi wannan ragar, ta juya kai a hankali ta bi ciyawar har zuwa waccan.

"Ashe haka yake," ta ce. "Ashe duk biyun ake gani lokaci guda."

Wani mutum a bayansu ya ce su zauna mana, sun tare wa mutane.

"Ɗan nan, yi haƙuri," in ji Rafali ba ta ko waiga ba. "Na daɗe ina ɗauke da ku a ka. Bari in ga abin da kuke wa tsalle."